Ihun Da Kamila Ba Ta Yi Ba

"Sun kama shi, Kamila! Sun kama yaron nan mai inji!"

Kamila na tsugune tana wanke wa 'yarta Zuwaira ƙafa, butar ta suɓuce daga hannunta. Inna Asta ce, mahaifiyar marigayi mijinta, tsaye a tsakar gida tana haki. Babu kwanon niƙan da ta fita da shi, babu ƙyallen da aka rufe shi.

"Inna... wane yaro?"

"Malam Najib mana! Ina miƙa mashi kwano sai ga Salisu da mutanensa 'yan sa-kai. Ya fizge ƙyallen, ya kwance wani ƙulli a bakinsa, ya ciro wani ɗan baƙin abu kamar farce. Wai infoma ne! Wai da shi yake aika wa mutanen daji saƙo!"

Infoma!

 A shekarar nan da aka datse layukan waya a Batsari da Safana, wanda aka kira da wannan suna a bainar jama'a da wuya ya ga faɗuwar rana.

Inna Asta ta matso, ta kafe ta da ido.

"Ƙyallenki ne, Kamila. Ke kika rufe, ni na ɗauka. Mi ke ciki?"

"Waƙoƙi ne, Inna..."

"Waƙoƙi?"

"Wallahi waƙoƙi ne kawai."

Tsohuwar ta kau da kai. Hakan ya fi mari zafi.

Wata goma sha ɗaya ke nan da 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu a Ruma, suka kashe Mani a bakin gonarsa. Kamila ta gudo Batsari da jaririya a baya da suruka a hannu, suka raɓe a gidan kawunta Badamasi. Ta yi takaba, ta fita, amma ƙirjinta bai fita ba. Ko babur ya wuce sai ta nemi wurin ɓuya.

Wuri ɗaya take samun sauƙi: gindin injin niƙa.

Najib malamin firamare ne ɗan Safana. Da aka rufe makarantarsa a Wagini sai ya kama injin wani ɗan'uwansa don kada ya zauna. Shi ya lura da matar nan da ke karɓar garinta amma ta ƙi tafiya, ta tsaya jikin inji idonta a rufe.

"Ƙarar ba ta damunki?" ya tambaye ta wata rana.

"Ita ce ba ta damuna."

Bai yi dariya ba. Kwana biyu bayan nan ta kwance ƙyallen kwanonta, ta sami memori, ɗan katin nan da ake sa wa waya, ƙulle a bakinsa.

Kiɗa iri uku ne a ciki, waɗanda ya tara tun yana kwaleji a Katsina. Akwai hip-hop, mai zubo magana kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano, shi take sa wa in tana wanki. Akwai mai taushin nan da ya ce ana kira R&B, wanda in mawaƙiyar ta ja murya sai Kamila ta ji kunya kamar Najib ne zaune a gabanta. Sai na ukun, metal, mai rugugin ganguna da ihu, wanda ya ce ta tsallake in ya firgita ta.

Ba ta tsallake ba.

Da Kawu Badamasi ya ga niƙa ya yi yawa a gidan, ya hana ta fita. Shi Salisu yake so mata, ɗan abokinsa, mai bindiga da babur da faɗa-a-ji. Malamin da makarantarsa ta mutu, mai yawo da iyafis a kunne yana jin kiɗan aljanu, ba miji ba ne a wurinsa. Sai Inna Asta ta karɓi kai niƙa. Kowace tafiya Najib ya ƙara waƙa ɗaya ya ƙulle, Kamila ta saurara ta mayar. Babu kiran waya, babu takarda. Tsohuwa ce ke ɗauke da soyayyar matar ɗanta a kanta, ba ta sani ba.

Kamila ta zari hijabi.

"Ina za ki?"

Kawu Badamasi ne a bakin zaure, ya tokare ƙofa da hannu. Ya ji komai.

"Kawu, kashe shi za su yi."

"To ke ce za ki hana? Kina buɗe baki ki ce naki ne, sun haɗa da ke. 'Yar Ruma, wadda aka kashe mijinta aka bar ta da rai! Kin san abin da bakin mutane zai saƙa da wannan?"

"Na sani."

"Yarinyar nan fa? Uba babu, uwa ma ki ƙara mata?"

Nan ne maganar ta same ta. Ta waiwaya. Zuwaira na tsaye cikin ruwan buta, ƙafa ɗaya da sabulu, tana tsotsar yatsa.

Kamila ta koma, ta ɗauraye ƙafar tas, ta goge da gefen zaninta. Ta ɗauke ta, ta sa a hannun Inna Asta.

"Inna, maganin tarinta na cikin langar sama. Rabin cokali, safe da yamma. Ba ta shan koko da zafi."

Ta juyo.

"Kawu, ka gafarce ni. Ka ba ni hanya."

Bai ba ta ba. Ta sunkuya ta bi ta ƙarƙashin hannunsa.

Ƙofar gidan mai unguwa ba masaka tsinke. Rana ta take, ƙasa na ƙuna, amma babu mai neman inuwa. Najib na durƙushe a tsakiya, an ɗaure hannayensa ta baya da igiyar rama, gari a gashinsa, jini a leɓensa.

Salisu ne tsaye a kansa, wayar da ya sa wa memorin a hannu ɗaya, 'yar sifika a ɗayan.

"Jama'a ku gani da idonku! Ya ware wasu saƙonni a gefe ya rubuta musu suna. Me ya rubuta? Ruma! Yanzu ku ji da kunnenku."

Ya danna.

Ganguna suka ɓarke kamar an buɗe wuta, ba numfashi a tsakani. Wani abu ya yi ƙara kamar ana yanka kwano da zarto. Sai muryar namiji ta tsage da ihu.

Mata suka yi baya suna salati. Wani ya faɗi ƙasa ya rufe kai.

"Kun ji harbi?" Salisu ya ɗaga murya. "Kun ji ihun bayin Allah? Ranar harin ya ɗauka, yana ajiye wa iyayen gidansa!"

"A kashe shi!"

"Maci amana!"

Mai unguwa ya ɗaga sanda, da ƙyar aka lafa.

"Malam Najib, karo na uku ke nan. Wa ke aiko maka da abin nan?"

"Ranka ya daɗe, nawa ne. Ni kaɗai."

"Ƙarya yake yi!"

Kowa ya waiwayo. Kamila ce ke ratsa maza, hijabinta a karkace, takalmi ɗaya ya tsinke a hanya.

Najib ya ɗago, idonsa ya cika da tsoro irin wanda bai nuna wa igiya ba.

"Kamila, koma gida... don Allah ki koma."

Ba ta dube shi ba. Ta durƙusa gaban mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, Baba, ƙyallena ne, ƙullina ne. Sunan Ruma ma ni na rubuta. Waƙa ce, ba hari ba."

Salisu ya yi wata dariya mara daɗi.

"Waƙa! Wannan? Kamila, so ne ya rufe miki ido har za ki sayi mutuwar wani?"

"In ta siya ai da kuɗinta," wata mata ta faɗa daga baya. "Kai da aka ƙi kyauta fa?"

Wasu suka ƙunshe dariya. Fuskar Salisu ta haɗe.

Mai unguwa ya daɗe yana kallonta.

"'Yata, in waƙa ce, mai ita ya san hanyarta. Faɗa mini abin da ke gaba kafin a danna."

Kamila ta ɗago kai.

"Gangunan za su tsaya cak. Sai jita guda ɗaya ta rage, a hankali, kamar mai lallashi. Za ta zagaya sau huɗu. Sannan mutumin ya ja numfashi, ana jin jan numfashin, ya yi ihu ɗaya dogo. Daga nan ba ya ƙara ihu, sai dai ya yi ta maimaita magana ƙasa-ƙasa har a gama."

"Danna."

Salisu ya danna, ba da son ransa ba.

Ganguna... ganguna... sai cak!

Jita ta fito ita kaɗai. Wani dattijo ya shiga lanƙwasa yatsu. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Aka ji numfashi. Ihun ya tashi, ya yi tsawo, ya karye.

"Ikon Allah," in ji dattijon. "Aljanin ma ashe da tsari yake kukansa."

"Ta gaba fa?" mai unguwa ya tambaya.

"Wannan ba ta cikin na Ruma, Baba." Ta sunkuyar da kai. "Mace ce. Tana farawa da tafi biyu... ba ta sauri. Ban jin Turancinta duka, amma Malam ya ce roƙon wani take ya jira ta har ta warke."

Tafi biyu suka fito daga sifika, sai murya mai sanyi ta biyo. Samarin da ke riƙe da gora suka fara kallon juna. Wani ya ce, "Kai, wannan ai saƙo ne, amma ba na daji ba." Na kusa da shi ya zungure shi.

Salisu ya kashe sifikar da ƙarfi.

"To na ji, waƙa ce! Amma ta faɗa mana, wace mace mai hankali ce za ta ɗauki wannan haukan ta sa masa sunan garin da aka kashe mijinta? Murna take yi?"

 Tambayar ta shiga.

Kamila ta hango Inna Asta a gefen taro, Zuwaira a kafaɗarta. Ashe ta biyo ta. Wata goma sha ɗaya tana ɓoye wa tsohuwar nan abu guda. Kullum cewa take tana gida aka yi, ba ta ga komai ba.

"Na gani," ta ce. "Inna, ki yafe mini, na gani. Na kai wa maigidana fura ne a gona. Da muka ji babura ya tura ni cikin dawa, ya ce kome zan ji kada in motsa. Taku goma ne tsakaninmu. Zuwaira ta buɗe baki za ta yi kuka, na toshe da tafin hannuna. Nawa bakin kuma na cusa masa ɗankwali. Suna tambayarsa ina matarsa, yana cewa ta tafi kasuwa. Har suka..."

Ta kasa ƙarasawa.

"Ban yi ihu ba, Baba. Ranar ban yi ba, wajen zaman makoki ban yi ba. Yana nan." Ta dafe ƙirji. "Ya tokare ni, ko abinci ba ya wucewa. Ran da na ji mutumin nan na cikin waƙa, ban san yarensa ba, ban san wa aka kashe masa ba. Amma ya yi ihun da ban yi ba. In ya yi, sai in samu in yi wa 'yata tuwo. Shi ya sa na rubuta Ruma."



Inna Asta ta tako a hankali har tsakiyar fili. Mani ɗanta na fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, yau ma ba ta kira ba.

"Cewa ya yi kin tafi kasuwa?"

"Eh, Inna."

"Sau nawa?"

"Sau uku."

Tsohuwar ta gyaɗa kai, hawaye na bin tamojin fuskarta. Sai ta juya kan Salisu.

"Kai ɗan nan, ɗana ya ba da ransa don wagga ɗiya ta rayu. Kai kuma don ta ƙi ka za ka sa a zubar da jinin bawan Allah? Kwance shi!"

Salisu ya dubi mai unguwa.

"Ka ji abin da uwa ta ce," in ji mai unguwa. "Da hannunka ka ɗaure, da hannunka za ka kwance. Sannan ka ajiye bindigar nan a zaurena, zan yi magana da shugabanku."

Igiyar ta ci wuyan hannun Najib har ta yi shata. Da ya miƙe sai da ya yi tangaɗi. Jama'a suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, masu cewa a kashe ɗazu su ne kan gaba wajen cewa dama sun san malam mutumin kirki ne.

"Me ya sa kika zo?" ya ce da ita ƙasa-ƙasa. "Na yi shiru ne don ke, sanyin idona."

"Shiru ya ceci Zuwaira. Kai kashe ka zai yi."

"Da sun haɗa da ke fa?"

"Da sun haɗa." Ta dubi leɓensa. "Ka sa ruwan gishiri a wurin nan kafin ya kumbura."

Ya yi murmushi, ciwon ya hana shi ƙarasawa.

Kawu Badamasi na tsaye nesa kaɗan, hannu a baya. Ya zo tun tana tsakiyar magana. Ya yi gyaran murya, bai kalli kowa ba.

"Malam, gidana ba a shigo masa ta bakin ƙyalle. In kana da manya a Safana, ƙofa a buɗe take. Su taho da rana, hanya ba kyau."

Ya juya ya tafi.

Kamila ta durƙusa gaban surukarta.

"Inna, na ɗora miki abin da bai kamata ba. Na sa kin ɗauki..."

"Kin sa," in ji Inna Asta. "Kuma raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Sai na kwana biyu ban yi miki magana ba. Tashi."

Ta matsa gaban Najib, ta ƙare masa kallo daga gashin da ya yi fari da gari har ƙafa. Sannan ta sauke Zuwaira daga kafaɗarta, ta miƙa masa.

"Inna, hannunsa da ciwo," in ji Kamila.

"Na gani. Riƙe ta, Malam. Mai son uwa, nauyin ɗiya yake fara ji."

Najib ya miƙa hannayen nan masu shatar igiya, ya karɓa. Yarinyar ta ɓata fuska, ta ƙura masa ido, ta kai hannu ta damƙi gemunsa ta ja da ƙarfi.

Ya runtse ido.

Bai sauke ta ba har ƙofar gida.