Gidajen da Irsan Ya Goge

Ranar da Hasnia ta fara ganin Irsan, tana shanya ciyawar teku ne a bakin ruwa, rana ba ta gama fitowa ba. Wani dogon saurayi ya kafa kyamara a kan ƙafafu uku, ya tsaya yana kallon ta kamar mai neman abin faɗa. Ita kuwa da ta zaci sallama zai yi, har ta gyara mayafi.

"Don Allah, ƙanwata, ko za ki ɗan koma bayan dutsen can? Kin shigo mini hoto."

Ta galla masa harara, ta ce tsibirin ubanta ne, in ya matsu shi ya koma bayan dutsen. Ya yi dariya ya zauna a kan yashi, yana ji yana gani hasken safiyar da ya sa shi tasowa tun daga birnin Makassar ya wuce. Da ta ga ya yi asara kuma bai ɓata rai ba, sai tausayinsa ya kama ta, ta kawo masa kofi da dafaffen rogo. Daga wannan tausayin wahalarta ta fara.

Sana'ar Irsan ita ce ɗaukar hoton tsibirai yana sayar wa masu harkar yawon buɗe ido. Kwana uku ya zo yi a Sarimba, ya yi sati biyu. Tsibirin duka gida goma sha tara ne a kan turaku, sai masallaci, sai maƙabarta a gindin itatuwan kwakwa inda mahaifiyar Hasnia take kwance. Babu mai takardar fili ko ɗaya, don tun zamanin kakanni ba wanda ya taɓa tambaya.

Bayan ya koma, kullum da hantsi Hasnia sai ta hau kan dutsen nan, don nan kaɗai waya ke kamawa. Ta koma kiran sa Daeng, yadda mutanen garinsu ke kiran yaya, shi kuma yana ce mata Ndi, wato ƙanwa.

"Ndi, yau tsibiri huɗu na ɗauka, ba wanda ya kama ƙafar bakin ruwanku. Kin karya?"

"Daeng, ƙarya dai ba kyau. Bakin ruwan ko mai shanya ciyawa?"

"Kin kama ni. Ki ce da Baba ina nan tafe da magana."

Ya zo da maganar aure har sau biyu, sau biyu yana komawa jiki a sanyaye. Mahaifinta, Pak Jumardin, masunci ne, mutum mara yawan magana. Ya ce bai san yadda zai ba da 'yarsa ga wanda ba ya su, ba ya noma, sai dai ya kalli abin mutane ya yi gaba ba. Shi hankalinsa ya fi kwanciya da Darwis, ɗan ƙanwarsa, mai kwalekwalen inji biyu. Bai tilasta mata ba.

Ana nan sai hoton Sarimba ya ci wata gasa. Irsan ya turo mata shi cike da murna: farin yashi, ruwa shuɗi garau, kwakwa ta sunkuya. Hasnia ta daɗe tana duba shi, ta juya wayar nan ta juya can, kafin ta gane abin da ke damun ta.

"Daeng, ina gidajenmu?"

"Na goge su a kwamfuta, Ndi. Masu saye ba sa son ganin rufin kwano da shanya. Kowa haka yake yi."

Abin ya soke ta, amma ta haɗiye. Ta ce wa kanta sana'a ce, ita me ta sani a kai.

Wata takwas bayan haka wasu mutane suka sauka da igiyar awo da jan fenti. Wani kamfanin otal ne ya nemi a ba shi Sarimba a matsayin tsibirin da ba kowa a kai, kuma cikin takardun da ya kai ofishin ƙasa har da wannan hoto. Darwis ne ya samo kwafin, ya jira aka idar da sallar Juma'a, ya shimfiɗa shi a gaban kawunsa, ya ɗora yatsa a kan sunan Irsan da ke ƙasa. Ya ce dama shi ya san ɗan leƙen asiri ne, kofi kawai ya zo ya sha musu.

Pak Jumardin ya shigo gida ya ajiye takardar kusa da 'yarsa. Hasnia ta hau dutse ta tura wa Irsan saƙo.

"Ashe aiko ka aka yi. Allah ya isa tsakanina da kai."

"Wallahi ban sani ba, Ndi. Masu harkar yawon buɗe ido na sayar wa, daga hannunsu ya fita. Ki ɗauki wayata."

Ba ta ɗauka ba. Wata uku ba ta ƙara hawa dutsen ba, ta rame, tana aiki kamar wadda aka sa dole. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne har lokacin takan farka da sunansa a baki.

Ranar da aka kira mutanen Sarimba ofishin ƙasa, suna shiga suka tarar da Irsan zaune a benci, ya rungume wani babban ambulan. Da aka ba shi dama ya miƙe, ya fito da hoton asali, gida goma sha tara cif, ga shanya, ga hasumiyar masallaci. Ya faɗa a gaban kowa cewa shi ya goge su da hannunsa. Ya san me wannan magana za ta jawo masa, kuma ta jawo: masu gasa suka karɓe kyautarsu, masu saye suka daina ɗaga wayarsa.

Jami'an suka kalli hoton, suka gyaɗa kai, suka yaba masa da gaskiya. Sannan suka ce hoton ya nuna akwai mutane a wurin, amma bai nuna ƙasar tasu ce ba, kuma magana ta riga ta yi nisa. Aka yanka wa mutanen Sarimba fuloti a babban gari, bayan kasuwa, tafiyar rabin awa daga teku. Maƙabarta aka ce za a kewaye ta da waya.

A bakin ƙofar ofishin Hasnia ta tsaya a gabansa. Yanzu ta tabbata ba aiko shi aka yi ba, sai ta ji hakan bai rage mata komai ba.

"Da aiko ka aka yi da ya fi mini sauƙi, Daeng. Sai in tsane ka in huta. Amma kai kallon gidanmu kawai ka yi, ka ga yana ɓata maka hoto."

Irsan ya mayar da hoton cikin ambulan.

Bai koma Makassar ba. Da aka fara kwance gidaje yana cikin masu cire ƙusa da ɗaukar katako, hannunsa da bai saba ba ya yi ta fashewa. Ba mai yi masa sannu. Darwis kuwa, wanda ya fi kowa ɗaga murya a ƙofar masallaci, kwalekwalensa biyu suka shiga jigilar simintin otal, yana cewa in bai ɗauka ba wani zai ɗauka. Pak Jumardin ya ga wannan, ya ga wancan.

Da Irsan ya zo da maganar aure karo na uku, tsohon bai dube shi ba. 'Yarsa ya kira, ya tambaye ta a gabansa.

"Ina son sa, Baba," in ji ta, idonta a ƙasa. "Ban yafe masa ba tukuna. Amma ina son sa."

Tsohon ya daɗe yana murza carbi, sannan ya ce a turo manya.

An ɗaura auren a sabuwar unguwa, a ƙarƙashin rumfar tamfol, ana jin hayaniyar 'yan kasuwa ta bayan katanga. Kifin da aka gasa wa baƙi sayo shi aka yi, karo na farko a rayuwar Pak Jumardin da ya ci kifin da bai san wanda ya kamo ba. Amarya ta yi kyau cikin siliki ruwan goro, ta yi murmushi inda ya kamata, ta yi kuka inda ba a zata ba. Da Irsan ya raɗa mata "Ndi" sai ta matse masa yatsu da ƙarfi, shi kansa bai san ko so ne ko hukunci ba.

Bayan an watse daga cin abinci, tsohon ya kira su suka durƙusa a gabansa. Ya kama hannun surukinsa, ya juya tafin yana duban kantar da ta fito.

"Hoton nan na asali, ka wanko mini babba. Ina so in riƙa ganin ƙofar gidana."

Sannan ya ɗora hannu a kansu su biyu.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙai. Ya ba ku gidan da ba mai goge shi."

Mutanen Sarimba suka amsa da amin. Irsan ya motsa baki, murya ta ƙi fita, sai Hasnia ce ta faɗi amin ɗin a madadinsu su biyu.