Tsohon Kaya Gaba

A duk faɗin ƙasar nan babu wanda ya san darajar kaya kamar Shugaba. Rassan kanti talatin da tara, manyan motoci ɗari biyu, ma'aikata dubu shida, kuma a shekara ashirin da bakwai ko gwangwanin madara ɗaya bai taɓa lalacewa a kan kanta ba. Haka aka rubuta a littafin da ake raba wa sababbin ma'aikata, ƙarƙashin hotonsa yana murmushi. A shafi na biyu ga babbar dokarsa: tsohon kaya gaba, sabon kaya baya. Har a jami'a ana darasi da ita. Abin da littafin bai faɗa ba shi ne inda ya fara aiki da dokar.

A lokacin Mai Kanti ake ce masa. Ƙofa ɗaya, firiji ɗaya mai tari kamar tsoho. Da aka buɗe wani katafaren kanti a tsallaken titi, sai ya koma wuni yana kore ƙuda daga kan sabulu. Wata rana da azahar ya rufe ƙofa ya tafi wajen boka.

Ɗakin yana bayan wani kangon gareji, ba taga. An lulluɓe bango da jan ƙyalle da ya yi baƙi don hayaƙi. Ga ƙoƙon kan akuya a rataye, ga madubi an juya fuskarsa bango, ga kasko a tsakar ɗaki ruwan cikinsa yana tafasa ba wuta a ƙarƙashi. Boka ɗan siriri ne mai tsabtar farce, bai ko ɗago kai ba.

"Rassa nawa kake so?"

"Ko'ina, ranka ya daɗe."

"Ko'ina na da tsada. Bakin mutum nawa kake ciyarwa?"

"Huɗu. Innata, yayana, matata, sai jaririya."

Boka ya jawo ƙananan tukwane huɗu ya dire. "Ka kawo zare daga tufar kowannensu. Duk reshe biyar, tukunya ɗaya."

Da wani ne, da ya tashi ya gudu. Mai Kanti ɗan kasuwa ne, sai ya taya.

"Haba, biyar? Albarka. A yi ashirin."

"Bakwai."

"Ranka ya daɗe, dubi ingancin kayan. Sha biyar."

A goma suka daidaita. Boka ya yi murmushi na farko. "Jerin kuma kai za ka yi. Ta gaba ita ake ɗauka."

Washegari ya dawo da zaruruwa ya saka a tukwanen, ya jera su da hannunsa yadda ya saba jera madara. Inna a gaba, ta haura saba'in, ga ciwon suga. Sai Yaya mai zuƙar taba. Sai matarsa. Jaririya can baya, a reshe na arba'in, inda babu ɗan kasuwar da ya taɓa kaiwa. Ya fito yana jin ya yi wa boka wayo.

Arziki ya zo kamar an ɓalle famfo. Katafaren kantin nan na tsallake ya zama reshensa na uku. Tukwanen ya kai su wani ɗaki a ƙuryar babban sito, makulli a wuyansa. Ranar da aka yanke ƙyallen reshe na goma Inna ta kwanta barcin rana ba ta tashi ba. Aka ce shekaru. A na ashirin Yaya ya faɗi a bakin famfo. Aka ce taba. Shugaba ya yi kuka na gaskiya, ya kuma sa hannu a kan takardar filin na ashirin da ɗaya.

Matarsa ba ta tafi farat ɗaya ba. Tun daga reshe na ashirin da biyar ta fara bin ɗakuna tana jera takalman gidan, tsofaffi gaba, tana tambayar kujerun da ba kowa ko sun ci abinci. Na talatin ya ƙarasa ta.

Gidan ya rage shi da 'yarsa. Tun tana rarrafe a bayan kantar shago ma'aikata ke kiranta Manaja, sunan ya bi ta har ta dawo daga jami'a ta zama shugabar sashen buɗe rassa. A talatin da tara ya ce ya isa. Shekara uku yana cin abinci shi kaɗai a tebur mai kujera goma sha biyu, yana mayar da takardun sabon reshe ba sa hannu.

Amma kamfani ya riga ya fi ƙarfinsa. Masu hannun jari suka zauna suka ɗaga hannu a buɗe na arba'in, har da ita.

"Baba, kai fa ka koya mana: kantin da ya daina girma ya fara mutuwa."

Ya kai ta ɗakin ƙurya, ya nuna mata tukunya ɗaya da fasassu uku, ya faɗa mata komai. Ta riƙe hannunsa, idonta ya kawo ruwa.

"Rashin Mama ne ke damunka. Gobe zan kai ka wajen likita."

Ya koma bayan gareji. Boka bai ƙara ko furfura ɗaya ba.

"A sa ni a madadinta."

"Mai kanti ba kaya ba ne. Shi ke zama ya rufe ƙofa."

"To a karɓe rassan duka!"

"Kayan da aka saya ba a mayarwa. A bakin ƙofarka ma haka aka rubuta."

Ku da kuke kallon hasken kantunan nan kuna haɗiyar yawu, ku ji da kyau. Duk wanda ya kai iyalinsa teburin ciniki, ko nawa aka yi masa ragi, shi aka cuta. Kwaɗayi ba ya cewa ya isa, kuma ranar da kai ka ce ya isa, ba lallai a saurare ka ba.

Aka buɗe reshe na arba'in da hantsi. Balan-balan, kiɗa, layi har titi. Manaja ta yanke ƙyalle aka yi tafi. Can ta ce kanta na ɗan sarawa, ta shiga ɗakin hutun ma'aikata. Ya bi ta. Ta tuɓe takalmi ta zauna kusa da shi a kan benci.

"Baba, ka ga layi kuwa? Ka ga ba abin da ya faru."

"Na gani, uwata."

Ta jingina kai a kafaɗarsa. A waje na'urorin karɓar kuɗi suna ta ƙara, ɗaya bayan ɗaya. Bai motsa ba, don kada ya tashe ta, har kan ya yi nauyi.