Katin Abincin Marayu

Ranar Litinin aka kama Junie Caudill da guntayen burodi a cikin rigar sanyinta, a ƙofar ɗakin cin abincin makaranta, gaban 'yan ajinsu kaf. Ragowar faranti ne da za a zubar, amma da suka zubo ƙasa sai dariya ta ɓarke. Wata ta ce, "Junie, ki haɗa da kwandon sharar mana." Junie ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige...

Shekarunta goma sha huɗu. Tun da ƙwaya ta yi ajalin mahaifiyarsu bara, ita da ƙannenta mata biyu suke hannun kakarsu Opal, can ƙarshen kwari a gabashin Kentucky, inda ramukan kwal suka daɗe a rufe. Kaka ba ta da mota, ciwon suga ya cinye mata ƙafa, don haka katin abincin da gwamnati ta ba marayun yana wurin Inna Verna, ƙanwar mahaifiyarsu. Takan ajiye musu ƙullin wake da ɗan garin masara, ta ce an rage tallafi. Ranar Lahadi kuma ta tashi a coci tana matsar ƙwalla, wai ɗawainiyar marayu ta tsotse ta.

Kafin Junie ta iso gida labari ya riga ta. Verna na tsaye a ƙofa.

"Sannu, ɓarauniya. Kin zubar mana da mutunci a gari. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na kira hukuma su zo su kwashe ku, kowa ya huta."

Sai da motar Verna ta tafi Kaka ta jawo Junie jikinta. "Laifina ne, jikalle. Ni na hana ki faɗa wa kowa yunwar da muke sha, kunya ta rufe mini baki. Ubangiji, Kai kake gani..." Suka yi ta kuka har ƙananan suka taya su.

Da safiyar Laraba jami'ar kula da yara, Madam Tackett, ta zo. Ta buɗe firji: robar ruwa da rabin albasa. Kaka ta sunkuyar da kai.

"Mama, ina abincin da ake saya da katin yaran nan? Ko sisi ba a rage muku ba."

Junie ce ta amsa, ta ce, "Ba mu taɓa ganin katin ba, yana wurin Inna Verna. Kwana uku ke nan Kaka tana cewa ta ƙoshi don mu ci."

Bincike bai ɗauki mako ba. Nama da kayan daɗi ake saya da katin duk wata, a kantin da ke kusa da gidan Verna, ga hotonta a kyamarar kantin. Alƙali ya ɗaure ta, matan cocin da suka sha tausaya mata kuwa suka riƙa zuwa gidan Kaka da tukwane, kowacce idonta a ƙasa. Ba a raba yaran da kakarsu ba, katin ma aka damƙa wa Kaka.

Ranar da Kaka ta soya kaza, autarsu Pearl ta siɗe farantinta, ta dubi tukunya a tsorace.

"Kaka, in na ƙara... za a samu na gobe?"

Tsohuwar ta juya baya ta share fuska da bakin riga.

"Ci, 'yar nan. Akwai na gobe, har da na jibi."