Goma Kafin Ashirin

Ranar da ya fara shigowa shagon ɗinkinta, ko ɗago kai ba ta yi ba. Rigunan ɗakin tiyata ya kawo a gyara, don shi ke wanke kayan aiki a asibitin ƙarshen layi.

"Malama tela, ba a kallon kwastoma ne?"

"Ajiye nan. Jibi."

Tun da cikinta na uku ya zube a wata na biyar, mijinta ya miƙo mata takardar saki, ta daina jin komai. Ta ci, ta taka keke, ta kwanta. Shi kuwa bawan Allah, rigunan asibitin nan kaf sai da ya nemo musu yagewa.

Da ya furta yana son ta, ta amsa kamar mai faɗin kuɗin yadi. "Bakin mahaifata ba ya riƙe ciki. Nemi wata."

Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Telata, ana yi wa wannan matsalar aiki a asibitinmu, ni nake wanke ƙarafansa. 'Yan hudoji uku ne a ciki, a zura kyamara, a ɗaure bakin mahaifar da zare kamar zariyar wando. Ana yi tun kafin a samu ciki. Ki ga likita don kanki, ba don ni ba."

Ta je. Likita ya sa mata ranar aiki, ashirin ga wata.

Sai mahaifiyarsa ta aiko cewa a yi aikin tukuna, in ya yi kyau a yi zancen aure. Ba ta ji haushi ba. An taɓa auna ta da wannan ma'aunin.

Kwana biyu ba shi ba saƙo, ta ce shi ke nan. A na uku sai ga shi, hannu babu riga.

"Na roƙi Umma har ta haƙura. Goma ga wata za a ɗaura."

"Aikin fa ashirin ne."

"Na sani."

"In bai yi ba fa?"

"To bai yi ba. Ke na ce ina so."

Aka ɗaura ranar goma. Ranar ashirin surukarta da kanta ta riƙe mata jaka, tana cewa, "Allah ya yi muku albarka, 'yata."

Nas ta tambaya, "Wa zai sa miki hannu?"

"Mijina."

Aka tura gadonta zuwa ɗakin tiyata, sai ta ji tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, irin na mai abin da yake so ya farka ya tarar. Rabonta da jin haka shekara uku. Ta damƙe hannunsa har sai da ya ce wash.