Rabon Masu Cin Ruɓa

Magariba ta kawo jiki, uwar gidan tana kwashe shanya, sai wani abu ya faɗo tsakar gida, tim. Ta zaci dutse ne. Da ta duƙa, ashe curin ruɓaɓɓen gari ne, tsutsotsi na motsi a ciki. Wari ya tashi, irin mai maƙale wa mutum a maƙogwaro.

Kwana bakwai ana wannan jifa. A na takwas babbar 'yarta ta yanke jiki ta faɗi tana gurnani.

Yarinyar ce mai kan lissafi a gidan. Ubanta yana da katafaren sito mai buhunan gari dubbai, kuma shekara da shekaru na can ƙurya suna ruɓe masa. Ita ta tsara masa lissafin kowane buhu: ranar shigowarsa, yawan da ke fita kullum, da ranar da zai lalace. Tun daga nan asara ta ƙare, maigida har tumbi ya ajiye.

Malamin da aka kira ya zauna kusa da kanta yana karatu a hankali. Can bakinta ya buɗe da muryar wani tsoho.

"Ya isa, Malam. Yunwa ce ta kawo ni."

"Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Shekara arba'in mu aljanu muna cin ruɓaɓɓen garin ƙuryar siton ubanta, ba mu taɓa mai kyau ba. Lissafinta ya ware masa lalatattun don ya zubar. Shi kuwa sai ya tankaɗe tsutsar, ya gauraya da sabo, ya ɗinke. Abincinmu yake sayar wa 'yan'uwansa mutane, har da masu dama wa jarirai."

Uwar ta toshe baki da gefen mayafi.

"Faɗi abin da kake so," in ji Malam.

"Akwai buhu ɗari uku da ya ɓoye. A zubar mana a juji, in sake ta."

Uwar ta dubi mijinta tana jiran ya ce to. Ya sosa ƙeya, ya yi gyaran murya.

"Malam, ɗan tambaye shi mana, ba zai karɓi ɗari ba?"

Sai muryar tsohon ta ja dogon tsaki.

"Tir! Riƙe kayanka. Na tafi, Malam. Ba na zaman gida ɗaya da wannan."

Yarinyar ta yi atishawa, ta buɗe ido. Uban ya matso da fara'a zai dafa goshinta. Uwar ta make hannun.

"Kar ka taɓa min 'ya."