Tafin Hannu Ɗaya a Ƙasan Famfo

Ku rage fitilar nan, ku matso. Kai Sagiru, janye ƙafarka daga kan tabarmata. Ɗazu na ji kana cika baki, wai mai fentin da ya yi mana banɗaki bai iya aiki ba, ya bar baƙin tabo a ƙasan famfo, wai gobe za ka samo buroshi ka rufe. To zauna ka ji. Wannan ba tatsuniya ba ce. Mutumin yana nan da ransa, sunansa Barau.

Barau mai fenti ne a Gusau, ya fi shekara ashirin a sana'ar. Da can mutum ne mai surutu. Yana kan tsani yana tsokanar masu wucewa, kowa ya san muryarsa. Sai 'yarsa Ladiyo ta rasu. Shekararta huɗu. Zazzaɓi ne na kwana biyu. Ya rungumo ta a bayan mai babur za su asibiti, rana tana dukansu, ita kuma tana ta faɗin abu ɗaya.

"Baba, ruwa."

"Bari mu isa."

"Baba, ruwa."

"Bari mu isa, Ladiyo."

Babur ya isa. Ita ba ta isa ba.

Bai yi kuka ba. Masu gaisuwa suna ta yaba masa, wai ga mai tawakkali. Ba tawakkali ba ne, ni na gaya muku. Ba ya jin komai ne kawai. Tuwo da ƙasa duk ɗaya suke a bakinsa. Matarsa Azumi tana ɗaki tana kuka, shi yana zaune a tsakar gida yana kallon bango, yana lura da inda fenti ya ɓare.

Bayan sadakar arba'in wani Alhaji Mati ya kira shi aiki. Tsohon gida ne a bayan tashar jirgin ƙasa, ya daɗe a rufe, yanzu an samu masu shiga. Ɗakuna ba su da matsala. Banɗakin wanka ne abin gani. Shawa ta yi tsatsa, tana ɗiga ba dare ba rana. Bango ya yi baƙi ƙirin, gansakuka ta kama shi har kusan rufi, ga warin danshi.

Alhaji Mati ya toshe hanci, ya nuna masa gwangwanaye biyu. "Ga fenti nan, irin mai hana ruwa shiga. So nake ka rufe shi ruf. Ko ɗigo kada bangon nan ya ƙara sha."

"To," in ji Barau. Ya karɓi makulli.

Lokacin bazara ne. Shi kaɗai a gidan. Ya kankare gansakuka, ya goge da samfefa, ya ɗaure bakin shawa da leda, ya bar ƙofa a buɗe don bango ya sha iska. Washegari ya dawo da rola da buroshi. Ya fara daga sama yana saukowa. Rana ta take tsaka lokacin da ya kawo ƙasan famfo.

A nan ya ga wani wuri. Bai fi tafin hannu ba. Duk bangon ya bushe, ban da nan. Wurin ya yi sumul yana sheƙi, har ya ɗan lotsa, kamar inda akuya ta saba lasar kanwa. Tsayinsa daga ƙasa bai wuce bakin ƙaramin yaro ba.

Ya tsoma buroshi.

"Mai fenti."

Mace ce, a bakin ƙofa. Ba ta yi sallama ba. Bai ga laifinta ba, wa ke sallama a banɗaki? Siririya ce, da shuɗin zane, zanen kuma jiƙe yake sharkaf a cikin wannan zafi.

"Mai fenti, ka bar mini nan. Tafin hannu ɗaya."

"Gidan nan babu kowa. Ke wace ce?"

"Maƙwabta ne. Mun riga mai gidan zuwa."

"Me za ki yi da ruɓaɓɓen bango?"

"Yarana uku. A nan suke shan ruwa. Ba ma sha a kwano. Sai abin da bango ya tsotsa."

A lokacin ne ya lura bakinta ba ya motsi. Muryar daga bayansa take fitowa, daga cikin makwararin ruwa da ke kusurwa. Ya sauke idonsa ƙasa. Ƙafafunta ba su da yatsu. A shafe suke kamar na agwagwa, ruwa yana tsattsafowa daga ƙarƙashinsu yana bin siminti.

Da ni ce, da tuni na bar takalmana a wurin. Kai kuwa Sagiru, da sai an canza maka wando. Amma Barau ya duba, ya gane abin da yake gani sarai, ya jira tsoro ya zo. Tsoro bai zo ba. Babu abin da ya motsa a ƙirjinsa.

"Aiki aka sa ni," ya ce.

"Ƙaramar ba ta da lafiya."

"Bari in gama."

"Mai fenti."

"Na ce bari in gama."

Ya shafa. Ya jira ya sha iska, ya sake shafawa. Shafi uku ya yi wa wurin, don ya ga yana da danshi. Da ya waiwaya babu kowa a ƙofa, sai jiƙaƙƙen sawu guda biyu da rana ta fara busarwa.

Masu fenti suna da wata al'ada. Fentin mai in ya bushe a fata, ruwa ba ya ratsa shi, alwala kuma ba ta yiwuwa a kansa. Don haka kafin salla sai sun murje hannu da kananzir, su bi da sabulu, su duba ƙarƙashin farce. Barau ya yi duk wannan da la'asar, hannunsa ya fita tas. Ya karkata buta.

Ruwan ya gangare. Ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya zube ƙasa, kamar an zuba shi a ganyen gwaza. Hannu a bushe.

Ya ƙara kananzir. Ya murza har fata ta yi ja. Ya zuba a fuska, ya zuba a ƙafa, inda fenti bai taɓa ba. Duk ɗaya. Buta uku ya ƙarar. Daga ƙarshe ya dafa ƙasa ya yi taimama, ga famfo yana zuba a gefensa.

A gida ya ɗebi ruwa a randa ya sha. Ya ji saukarsa a maƙogwaro, amma harshensa yana nan kamar busasshiyar fata. Ya ƙara moɗa biyu. Ya shiga wanka da bokiti cike, ya fito da shi wayam. Azumi ta dube shi.

"Baban Ladiyo, ba ka yi wankan ba?"

"Na yi."

Ta taɓa wuyansa. Ta taɓa gashin kansa. Ta ɗebo ruwa da hannunta ta zuba masa a damtse, ta ga yadda ya gudu. Ta ja da baya.

"Me ka taɓo?"

"Aiki na yi."

"In ka mutu a haka, yaya za a wanke ka?"

"Oho," in ji shi. Kuma har zuciyarsa oho ɗin ne.

Kwana ɗaya ya wuce. Na biyu ya wuce. Leɓɓansa suka tsattsage. Ko gumi ba ya yi, cikin bazarar Gusau. Yana sha, cikinsa yana cika, ƙishirwa tana nan inda take. Azumi ta ce a je wurin malam, ya ce a bari. Ta ce a je asibiti, ya ce a bari. Yana zaune a inuwa, idanunsa sun faɗa, yana kallon bango.

A rana ta uku da hantsi barci ya ɗan ɗauke shi a zaune. Wata murya ta tashe shi, siririya, a shaƙe. Ya buɗe ido yana neman mai maganar. Babu kowa. Bakinsa ne yake motsi.

"Ruwa," yake cewa. "Ruwa."

Ya daɗe a zaune. Sannan ya tashi ya ɗauki ƙarfen kankare fenti da makullin Alhaji Mati.

Banɗakin ya yi kyau, wannan gaskiya ne. Bango shuɗi, sumul, yana ɗaukar ido. Leda ta saki, shawa ta koma ɗigarta, amma ruwan yana sulɓewa a kan fenti ba ya tsayawa. Barau ya durƙusa a ƙasan famfo. Akwai karce a wurin. Ƙananan farata ne suka yi shi, da yawa, a kan juna. Ba su iya huda fentin ba. Aikin Barau ba ya ɓarewa da sauƙi.

Ya sa ƙarfe. Shafi na uku ya fita, na biyu ya fita. Ya ci gaba har baƙin siminti ya bayyana, faɗin tafin hannu. Ya kunna famfo, ya tara hannu ya karkata ruwan zuwa bango. Simintin ya sha, ya yi duhu.

Shiru.

Can sai ya ji. Lasa ake yi, a hankali, dab da gwiwarsa. Bai ga kowa ba. Baki guda ne yake lasa. Sai na biyu ya shigo, da sauri, har da shaƙewa. Barau ya tsaya cak yana jiran na uku.

Ya jira.

"Biyu ne," in ji murya daga makwarari.

Matar tana tsaye a ƙofa. Ta rungume wani abu a ƙirji, naɗe cikin gefen zanenta. Bai fi tsawon damtse ba.

"Ina ƙaramar?"

"Jiya da la'asar."

Babu fushi a muryar. Babu kuka. Irin muryar da shi kansa yake amsa gaisuwa da ita ce tun da aka binne Ladiyo.

"Ta yi ta tambaya," matar ta ce. "Na ce mata ta bari ka dawo."

Barau ya zauna daɓas a ƙasa. Wani abu mai ɗumi ya gangaro masa a kumatu, kuma bai gudu ba, ya tsaya ya jiƙa gemunsa. Ya ji sanyin siminti ya ratsa wandonsa. Sai sautin ya ɓalle daga ƙirjinsa. Babban mutum, a ƙasan banɗakin mutane, yana kiran sunan 'yarsa. Matar ba ta tafi ba. Ta tsaya har ya yi mai isarsa.

"Kai ma?" ta ce.

"Ni ma."

"To. Sha ruwa."

Ya kafa baki a famfo. Ya sha, ya ji shi har cikin ƙashi.

"Amma tafin da ya riƙe buroshi nawa ne," in ji ta. "Tafin hannu ɗaya na roƙe ka."

Da ya ɗago, babu kowa.

Har yau tafin hannunsa na dama ba ya jiƙa. Ni na gani da idona, ranar da ya yi mana aiki. Na zuba masa ruwan wanke hannu zai ci abinci, bayan hannun ya jiƙe, cikin kuma ya fito a bushe ƙamas. Ya ga ina kallo, ya janyo kwanon abincinsa. Tun daga aikin gidan Alhaji Mati, duk banɗakin da ya yi wa fenti sai ya bar wurin nan a ƙasan famfo. In mai gida ya ƙi, sai ya tattara kayansa ya tafi.

Don haka Sagiru, buroshin nan ka bar shi inda yake. Na ga kana matse ƙafa tun ɗazu, tashi ka je, amma wani ya raka ka ya tsaya a waje. Yi addu'arka kafin ka shiga, ka yi gyaran murya. In ka ji kamar ana lasa a ƙasan famfo, kada ka tsaya ƙirgawa. Ka bar shi yana ɗiga, ka fito.