Wa Ke Danna Kibod Ɗin Bahago?

"Gwaggo... zo ki gani. Yana tafiya."

"Wa ke tafiya?"

"Mutumin cikin kwamfuta."

Hannayena biyu suna kan cikina, wallahi ko teburin ban taɓa ba. Amma ga ɗan sojan nan na cikin gem, wato wasan kwamfuta, ya yi taku uku gaba, ya tsaya, ya durƙusa, ya miƙe, ya sake durƙusawa.

Gwaggo ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Ta dubi kwamfutar, ta dubi hannuna, ta leƙa ƙarƙashin tebur.

"Da ƙafa kike yi?"

"Gwaggo ni da ko ƙafar tawa ba na iya hangowa?"

Sojan ya fara tafiya a karkace, bai juya kansa ba, har ya je ya daki bangon cikin gem ɗin. Kuma bai tsaya ba. Ƙafafunsa suna ta tafiya, bango ya tare shi, shi kuma yana ta turawa kamar akwai wanda yake son ya isa wurinsa a can baya.

Gwaggo ta ajiye ludayin a hankali ta fara karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, har da ta cin abinci.

Ku tsaya in koma baya, don na san na ruɗa ku. Ku yi haƙuri, zumuɗi ne, da hannu ɗaya nake rubutun nan, ɗaya hannun yana riƙe da 'yata mai kwana tara. Eh, na haihu! Mace, mai gashi har goshi. Amma bari mu bi abin daki-daki.

Mijina mai gyaran kwamfuta ne, kuma ɗan gem ne na gaske, har gasa yake shiga. Kowa Bahago yake ce masa, ba don da hagu yake cin abinci ba, don wani kibod da yake da shi. Rabin kibod ne, na hannun hagu kaɗai, faɗinsa bai fi tafin hannu da rabi ba, kuma ba shi da waya ko ɗaya. Maɓallansa irin masu ƙara ne, in ka danna sai ka ji ƙas, ƙas, ƙas. Hannun hagu yana kan kibod yana tafiyar da soja, na dama yana kan maus yana juya masa kai.

A gem ɗin muka haɗu. Ni ce mai ba da umarni a ƙungiyarmu, shi ya sa har bayan aure Kwamanda yake ce min. Kuma in ya shigo gem, gaisuwarsa gare ni ita ce taku uku, durƙuso biyu. Ba wanda ya san wannan sai ni da shi.

Baba tun farko bai so auren ba.

"Ƙato da gemu yana wasan yara, shi zan ba 'yata?"

Da ƙyar ya yarda.

Sai ga 'yar kawun Bahago, wata mai gilashi, da ta daɗe tana sonsa. Kullum tana gidanmu, Anti kaza, Anti kaza, tana yi min wanke-wanke, ashe lambar sirrina take leƙe. Ta shiga gem da sunana daga ɗakinta, ta dinga tura wa wani ɗan ƙungiyarmu maganganun da ko a mafarki ba zan faɗa ba. Ita ce kuma ta ɗauki hoton saƙonnin ta kai wa Bahago tana hawaye.

Cikina yana wata bakwai ranar. Na rantse, na yi kuka, bai ji ba.

"Na sake ki, saki ɗaya."

Ya zuba kaya a jaka, ya ɗauki kibod ɗinsa, ya bar min gidan da kwamfutar. Ƙanwar Baba, wato Gwaggo, ta dawo zama da ni.

Kun san matar da aka saka da ciki, ranar da ta haihu ranar iddarta ta ƙare. Kafin nan, magana ɗaya miji zai yi ta koma matarsa. Bayan nan kuwa sai sabon aure, sai da yardar Baba. Shi kuwa Baba ya zo har falo ya faɗa min.

"Ranar da kika sauka lafiya, ranar na gama da yaron nan. Ko a kan gwiwa ya zo ba zan sake ba shi ke ba."

Wata biyu ba kira, ba saƙo. Ni kuma kullum bayan la'asar sai in kunna gem ɗin, ba don in buga ba. In zauna in zuba wa sojan ido kawai, in yi kukana in kashe.

To a nan muke ranar da sojan ya fara tafiya shi kaɗai.

Gwaggo ta zare wayar wuta daga bango, ta lulluɓe kwamfutar da zanin gado.

"Kada ki sake kunna ta. Mai ciki ba ta wasa da irin waɗannan abubuwa."

Washegari da ta shiga wanka na kunna.

Shiru. Sojan yana tsaye. Fanka tana juyawa, labule yana motsi, rana ta faɗo a kan tayil. Har na fara cewa idona ne jiya.

Taku uku. Durƙuso biyu.

Tsigar jikina ta tashi. Abin da ya zo min shi ne, Bahago ya mutu. Ya mutu a wani wuri ba a gaya min ba, shi ne ya zo yi min sallama ta hanyar da ya saba.

"Kai ne?" na ce wa kwamfutar. "Masoyina... in kai ne ka sake yi."

Bai sake ba. Ya koma bangon nan yana turawa.

Sai na ji shi.

Ƙas... ƙas, ƙas... ƙas.

Can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin siminti. Na kashe fanka. Na bi sautin, na manna kunnena a bangon falo. Daga can yake fitowa.

Gidanmu na haya ne, a bene na biyu, ƙofofi huɗu a baranda ɗaya. Wanda yake jikin bangonmu ɗakin wani tsoho ne mai gyaran agogo. Bara ya rasu a ciki, sai da aka kwana biyu kafin a sani. Tun daga nan ba wanda ya yarda ya kama ɗakin. Tagarsa a rufe, an manna jarida a gilashin, jaridar har ta yi ja.

Gwaggo ta fito da tawul a kai ta same ni manne da bango. Ita ma ta sa kunne. Na ga fuskarta ta canza.

"Agogunan tsohon nan ne."

"Gwaggo an kwashe agogunan tun bara."

"To shi ya sa nake gaya miki."

Kwana uku muna haka. Kullum bayan la'asar sojan ya tashi, bango ya fara ƙas-ƙas, kafin magariba komai ya ɗauke. Gwaggo ta daina zama a falo. Ta haɗa min akwati, ta ce gobe za mu koma gidan Baba in haihu a can, ita ba za ta zauna maƙwabtaka da mamaci mai aikin rana ba.

Rana ta huɗu tun safe bayana yake ɗaurewa yana saki. Ban gaya mata ba. Na san in na faɗa shi ke nan, mota, asibiti, Baba.

Da la'asar na kunna don in yi masa kallon ƙarshe. Yana tafiya, ni ina kallo, sai wani abu ya faɗo min. Kwana huɗun nan sojan bai taɓa juya kansa ba. Gaba, baya, gefe, durƙuso, shi ke nan. Aikin hannun hagu kaɗai. Maus yana nan a gabana ba wanda ya taɓa shi.

Aljanin da bai da hannun dama?

Na ja kwamfutar da ƙyar na leƙa bayanta. Ga wani ɗan abu baƙi kamar farcen yatsa a soke. Shi ne yake karɓar saƙon kibod ɗin. Bahago ya tafi da kibod, ya manta da shi.

Na zare. Sojan ya tsaya cak. Bango bai daina ƙas-ƙas ba.

Na mayar. Sojan ya ci gaba.

Ranar da ya sayo kibod ɗin, har baranda ya fita da shi yana dannawa yana min burga, wai taku goma yake kaiwa. Da ya wuce matakala ya yanke.

Taku goma...

Na ja mayafi na fita ba takalmi.

"Ina za ki? Ke! Ba dai ɗakin tsohon ba?"

Barandar shiru, ba kowa. Na tsaya a ƙofar. Ƙura a ƙasa, amma hannun ƙofar fes. Sautin yana fitowa sarai yanzu. Na ɗaga hannu na ƙwanƙwasa.

Ƙas-ƙas ɗin ya tsaya.

Gwaggo tana bayana riƙe da muciya, tana salati.

Ƙofar ta buɗe kaɗan. Duhu, warin ɗakin da ya daɗe a rufe, ƙusoshi a jere a bango inda agoguna suka taɓa zama. Tabarma ɗaya, jaka ɗaya, buta. Ba kwamfuta, ba komai.

Da Bahago, ya rame kamar ba shi ba, kibod a hannunsa.

"Kwamanda..."

Gwaggo ta zungure shi da muciya a ciki.

"Mutum ne," ta ce. Sai ta ƙara masa ɗaya mai kyau a kafaɗa. "Ɗan banza, kwana huɗu ban yi barci ba."

"Me kake yi a nan?" na ce.

"Na kama ɗakin ne. Na lissafa kwanakinki sun kusa, na ce ko da wani abu zai taso in kasance kusa. In na taso daga shago sai in zauna in saurari motsinki."

"Kibod ɗin fa?"

Ya dube shi kamar yanzu ya fara ganinsa.

"Hannuna ne ba ya iya zama haka nan. Dannawa kawai nake yi."

"Kawai? Kwana huɗu kana gaishe ni a kwamfuta, na ɗauka gawarka ce."

Ya juya kibod ɗin, ya ga 'yar fitilar tana ci. Ya dafe kai.

"Abin yana bayan kwamfutar?"

"Wai kai ne mai gyara."

Sai ya durƙusa a ƙurar nan. Ya ce tun makonni uku ya gano gaskiya, yaron da aka tura wa saƙonnin ne ya nuna masa lokutan, duk ranakun da muke asibiti awo ne ni da Bahago. Mai gilashi ta amsa da bakinta. Ya je wurin Baba sau biyu, Baba ya ce masa wai ni na rantse ko sunansa ba na son ji.

"Ba na so in mayar da ke da ƙarfi, zuciyata. Na zalunce ki sau ɗaya, ya isa."

"Ka tambaye ni?"

"Kunya ta hana ni."

"Wata biyu ina..."

Ban ƙarasa ba. Wani ciwo ya kama ni tun daga baya har gaba, na riƙe ƙofa. Na ji ɗumi yana bin ƙafafuna.

Gwaggo ta dubi ƙasa ta yar da muciya.

"Faya ta fashe. Kai, in kana da magana ka yi ta yanzu, wannan ba ta jiran kunyarka."

Ya ɗago yana kallona, idonsa jawur.

"Kin yarda?"

"Bahago wallahi in na haihu a barandar nan kana tambayata..."

"Na mayar da ke. Na mayar da matata. Gwaggo kin ji?"

"Na ji, har marigayi ya ji. Ɗauko mota."

Awa biyu da rabi tsakani. Ana kiran magariba ta faɗo, tana tsala kuka kamar an ci mata bashin barci.

Baba ya iso asibiti da carbi a hannu, fuska ba walwala. Ya ga Bahago a raɓe a bakin ƙofar ɗaki, ƙura har gwiwar wandonsa. Ya juya wurin ƙanwarsa.

"Kafin ta sauka ya mayar da ita, ko bayan?"

"Kafin, Yaya. A kunnena."

"Ke kin tabbata?"

"Yaya, ni da na doke shi da muciya?"

Baba ya dube ni. Ban sunkuyar da kai ba.

"Baba ni ban taɓa rantsewa cewa ba na son jin sunansa ba."

Ya ci gaba da jan carbinsa. Nas ta miƙa masa jaririyar a cikin tawul, ya karɓa, ya buɗe fuskarta da ɗan yatsa. Na ga gemunsa yana rawa.

Bai waiwaya ba ya yi magana.

"Kai kuma tsayuwar me kake yi a can kamar baƙo? Zo ka yi wa 'yarka kiran salla a kunne."